Motar da na saya saboda Inna

Garinmu yana kudancin Kano. In ka taso daga birni ka bi titin Zariya, sai ka karya a Kwanar Dangora ka nufi Tudun Wada, kafin ka kai dajin Falgore akwai wata hanyar jar ƙasa da ta rabu da kwalta, ita ce tamu. Da rani tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Da damina kuwa babu mai iya ce maka ga lokacin da za ka isa, saboda wani kwari da ke tsakiyar hanyar. Ruwan gonakin da ke tudu duk nan yake gangarowa, ya kwanta, ƙasar ta zama taɓo mai danƙo kamar an kwaɓa yumɓu.

Ni malamin makarantar sakandare ne a Kano, ina kuma ɗan taɓa noman masara a gida. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, tana da hawan jini da ciwon suga, kuma duk wata sai ta ga likita a birni. Ta ƙi tarewa wurinmu. Ta ce ɗakin da mahaifinmu ya bar ta a ciki, nan za a fitar da ita. Don haka ni nake zuwa in ɗauko ta, ta kwana biyu, in mayar da ita. Shekara da shekaru muna haka da wata ƙaramar mota da nake da ita, irin mai zama ƙasa-ƙasa ɗin nan.

A watan Agustan 2021 aka kira ni da asuba aka ce jikinta ya tashi, tana ganin jiri, ba ta iya tsayuwa. Na isa lafiya, domin ruwan bai sauko ba tukuna. Muna hanyar dawowa hadari ya haɗo daga gabas. Kafin mu kai kwarin an kece. Na san bai kamata in shiga ba, amma na waiwaya na ga yadda ta jingina kai da gilashi idonta a rufe, sai na taka. Cikin motar ya zauna a kan taɓo, tayoyin gaba suna juyawa a banza. Samari suka zo suka tura har suka gaji. Ƙarshe wani manomi ya kawo amalanken shanu, aka shimfiɗa buhu da tabarma, aka kwantar da Inna, aka lulluɓe ta da leda. Ni da ƙanwata muka bi amalanken a ƙafa cikin ruwa har bakin kwalta, inda muka tari motar haya.

Allah ya ba ta lafiya. Amma hoton uwata kwance a amalanke, ruwa na dukan ledar da aka rufe ta da ita, bai bar idona ba har yau. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma taɓa yi min ƙorafi a kan komai. Ranar ma ba ta ce komai ba. Wannan shirun nata ya fi min zafi.

Da na dawo na je wurin makaniken da ke gyara min mota tun ina saurayi, dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Na ce masa ina son jif. Ya tambaye ni wace iri. Na ce ko wace iri, in dai za ta wuce kwarinmu. Sai ya zaunar da ni a benci ya ce, Malam, jif iri biyu ce. Akwai manya irin su Prado da Land Cruiser, waɗanda aka ɗora gangar jikinsu a kan shasi irin na babbar mota, su ne na daji na gaske, amma man da suke sha da kuɗin kayan gyaransu sai su cinye albashinka kafin wata ya raba. Akwai kuma ƙanana irin su RAV4 ta Toyota da CR-V ta Honda. Waɗannan a ƙira ƙananan motoci ne, jiki da shasi a haɗe, sai dai an ɗaga su sama, an ba su but mai faɗi, wasu kuma an sa musu ƙarfin da zai kai ga tayoyin baya in na gaba suka fara sulɓi. Ya ce ita ce daidai da ni. Ya ƙara da abin da ban taɓa tunani ba: kujerarta daidai ƙugun mutum take, tsohuwa mai ciwon gwiwa ba sai ta durƙusa ta shiga ba, ba kuma sai ta hau kamar mai hawa doki ba. Kayan gyaransu kuwa ga su nan jibge a Kofar Ruwa.

Ya ce in na tashi saye in zo mu je tare. Na ce to.

Haɗa kuɗin ya ɗauke ni wata shida. Na sayar da ƙaramar motar, na sayar da wani ɗan fili da na yanka a bayan gari da niyyar gini, na kwashi adashin da muke yi a makaranta, na haɗa da kuɗin masarar shekarar. Da aka lissafa bai cika ba. Wata rana da daddare uwargida ta ajiye min ɗan ƙunshi a gabana, ashe 'yan kunnenta na gwal ne da aka yi mata tun na aure. Na ce ba zan karɓa ba. Ta ce, Malam, Inna uwata ce ni ma, ranar amalanken nan ban yi barci ba.

A watan Fabrairun 2022 wani abokina ya haɗa ni da wani dillali, surukin yayansa ne. Mutum mai fara'a, mai yawan ambaton Allah. Ya ce ai an yi dace, akwai wata da ta sauka ko sati ba a yi ba, tokumbo ce ganga guda, ba wanda ya taɓa hawanta a ƙasar nan. Ya kira ni bayan la'asar. Na tarar da ita baƙa wul, an wanke ta tana sheƙi, an shafe tayoyin da mai, ciki na ƙamshin turare har yana hawa kai. Ya tayar da ita, injin ya yi shiru kamar ba a kunna ba. Muka zaga unguwa sau ɗaya. Kuɗin da ya faɗa ya gaza abin da na ji ana sayar da irinta da kusan dubu ɗari biyar. Ya ce mai ita ne yake da buƙatar gaggawa, kuma wani Alhaji zai zo da kuɗi gobe da safe.

Na ce ina so makanikena ya duba. Sai fuskarsa ta ɗan canza. Ya ce, haba Malam, yanzu ni zan cuce ka? Ga wane a tsakaninmu. Abokina ya ɗan taɓa ni. Kunya ta kama ni. Na ji kamar in na dage, na kira mutumin kirki maha'inci a gaban surukinsa. A nan take na tura kafin alƙalami, washegari na cika sauran, na ba da la'ada. Da na tambayi takardun kwastan ya ce suna hanya, za a aiko daga Legas.

Na daɗe ina juya wannan yammacin a raina. Ba kwaɗayin araha ne kaɗai ya ja ni ba, ko da yake yana ciki. Kunyar ce ta fi yawa. An rene mu a kan kada ka nuna wa babba ko baƙo ba ka yarda da shi ba, kuma tarbiyya ce mai kyau da nake koya wa 'ya'yana. Amma kuɗin nan ba nawa ne ni kaɗai ba, akwai gwal ɗin matata a ciki, akwai guminmu na shekaru. Ba ni da hakkin yin kara da shi.

Sati biyu muna murna. A na uku gilashin baya ya sauka ya ƙi tashi. Bayan kwana biyu fitilun gaban direba suka riƙa kamawa suna mutuwa. Wata safiya ta ƙi tashi gaba ɗaya, aka canza batir, ta tashi, da yamma ta mutu a tsakiyar titi. Sai a lokacin na iya ɗaga ƙafa na je wurin Baba. Bai yi min faɗa ba. Ya buɗe ƙofa ya sa kai ciki ya shaƙa, ya daɗe yana shaƙa. Turaren ya riga ya gushe, abin da ya rage wani wari ne irin na ɗakin da ya sha damina a rufe. Ya sa yaronsa ya kwance kujerar gaba, ya ɗaga kafet. A ƙarƙashi akwai busasshen taɓo, fari-fari, ba irin ƙasarmu ba. Kusoshin kujerar sun yi tsatsa. Ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, sai ga layin da ruwa ya tsaya a jikinsa. Mai gyaran waya ya zare mahaɗan wayoyi, duk sun yi kore.

Wani tsohon ɗalibina ne ya ƙarasa min bayanin. Ya kwafi lambar shasi, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, haruffa da lambobi 17, ya shigar a intanet, muka biya ɗan kuɗi. Sai ga tarihinta da hotunanta a filin gwanjo a Amurka, an rubuta cewa ruwa ne ya ci ta. Daga jihar Luwiziyana ta fito, inda guguwar Ida ta sauka a ƙarshen Agustan 2021. Kamfanin inshora ya biya mai ita, ya sayar da ita a matsayin wadda ta tashi daga aiki, wani ya saya da arha, aka wanke, aka loda a jirgin ruwa. Na zauna ina kallon kwanan watan. A watan da Inna ke kwance a amalanke, motar da zan saya dominta tana nutse a ruwa a wata duniya.

Baba ya ce motar ruwa ba ta warkewa. Za ka gyara nan, can ya ɓalle, domin tsatsar tana cin wayoyin daga ciki a hankali, kuma wata rana abin da zai ƙi aiki birki ne ko jakar iskar da ke kare mutum a hatsari. Ya ce ko kyauta aka ba shi ba zai sa iyalinsa a ciki ba. Takardun kwastan kuwa har ranar ba su zo ba. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, saboda haka motar da ba ta da takardar biyan kuɗin fito ta gaskiya, ko yaushe ana iya tare ka a hanya a karɓe ta, kai da ka saya ka rasa bakin magana.

Kwana uku ban iya gaya wa uwargida ba. Da na gaya mata ta yi shiru, sannan ta ce in je in nemi hakkinmu, amma kada in yi faɗa da kowa.

Dillalin ya fara da cewa shi ma bai sani ba, daga baya ya daina ɗaukar waya. Wasu suka ce in kai shi wurin 'yan sanda, wasu suka ce kotu. Kawuna ya ce a fara da manyan sana'arsu. Aka zauna a cikin azumin shekarar, bayan la'asar, a rumfar wani dattijo da dillalan wurin ke jin maganarsa. Na ajiye hotunan gwanjon a gabansu, Baba ya ɗaga kafet ɗin kowa ya gani. Dattijon ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya tuna mana labarin da kowa ya sani, na ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi ya cusa hannunsa cikin tsibin, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, aka kuma ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Dattijon ya nuna kafet ɗin ya ce, to ga danshin nan a ƙasa, an rufe shi da turare.

Aka yanke cewa a mayar da mota, a dawo min da kuɗina. Ba duka suka dawo ba. An cire la'ada, an cire wani abu da sunan na hau ta wata guda, abin da na kashe a gyara kuma ya tafi. Sauran ma biya uku aka yi, na ƙarshe bayan Babbar Sallah. Daminar 2022 a motar haya da babur muka yi ta, sau biyu Inna ta rasa ranar ganin likita. Abin da ya fi damuna, na san motar nan ba a jefar da ita ba. Wani ya saye ta bayana. Na roƙi dattijon a gaya wa duk mai saye gaskiya, ya yi min alkawari, daga nan ban sake jin labarinta ba.

Bayan kaka Baba ya kira ni. Ya ce wani dattijo da ya yi ritaya, wanda shi ke duba masa mota shekara biyar, zai sayar da RAV4 ɗinsa domin idonsa ya yi rauni ya daina tuƙi. Na ce ni tokumbo nake so, ba wadda aka gaji da ita a gida ba. Ya ce, Malam, wadda na san cikinta ta fi wadda aka ba ni labarinta.

Ya ce mu je da sassafe, kafin a tayar da ita, domin injin da ya yi zafi yana ɓoye ciwonsa. Mai motar da kansa ya miƙo mukulli ya ce a duba duk abin da ake so, ya koma ya zauna a kujera. Wannan kaɗai ya kwantar min da hankali. Launin toka ce, fentin ya ɗan koɗe a rufi, akwai ƙarce a bamba, safaya na rataye a ƙofar baya, ƙofar kuma gefe take buɗewa kamar ta ɗaki. Baba ya nuna min harafi na goma a lambar shasi, A ne, ya ce ƙirar 2010 ke nan, da 9 ne da ta 2009 ce. Ya ce dillalai sukan canza fitilu da bamba su ƙara wa mota shekaru, amma wannan harafin ba ya ƙarya. Injinta mai lita 2.5 ne, wanda aka fara sa mata daga 2009, kuma shi ya fi so a kan mai 2.4 na kafin nan, wanda ya ce ya sha ganin yana shan baƙin mai.

Ya tayar da ita ya tsaya a baya yana kallon hayaƙi. Ya zaro sandar baƙin mai ya murza a yatsa, ya buɗe lagireto ya duba ko mai ya gauraya da ruwa. Ya bi jikinta da ɗan maganadisu a cikin tsumma, inda bai kama ba ya ce nan an cike da fila, aka tambayi mai ita ya ce eh, mai adaidaita sahu ne ya goge shi. Muka kai ta gareji aka hau da ita kan rami. Ya haska ƙarƙashinta yana neman tsatsa, domin motocin da suka fito daga wuraren ƙanƙara gishirin da ake zubawa a titi yana cinye musu ciki. Ya ƙwanƙwasa tukunyar salansa ya tabbatar abin nan mai tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi yana nan ba a sace ba, ya ga sandar da ke kai ƙarfi tayoyin baya tana nan ba a cire ba. Aka jona kwamfuta. Aka karanta lambobi huɗu na jikin taya, biyun farko satin da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara, sai ga biyu sun tsufa. Shokozoba ɗaya na yoyo. Ni kuma da hannuna na ɗaga kafet na shaƙa. Ƙura ce kawai.

Muka yi ciniki a tsanake, na taya, ya ce albarka, aka cire kuɗin tayoyi da shokozoba, ya sallama. Ya fito da takardun kwastan na asali a cikin wata tsohuwar jaka, muka je aka tantance su kafin in tura ko sisi. Aka rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, aka yi canjin mallaka zuwa sunana, na yi inshora. Da zan tafi ya dafa bonet ɗin ya ce Allah ya sa a kashe lafiya. Ɗan abin da ya rage a hannuna bai kai na mayar wa uwargida gwal ɗinta ba. Har yanzu bashi ne a kaina, ina tarawa.

Ba mu yi wata bakwai da ita ba aka cire tallafin mai, ranar 29 ga Mayun 2023. Tankinta lita 60 yake ci. Abin da nake cikawa da ƙasa da dubu goma sha biyar ya haura dubu talatin a kwana biyu, zuwa ƙarshen 2024 da lita ta wuce naira 1,000 ya haura dubu sittin. Na koma zuwa makaranta a babur, motar na rufe ta da tamfol, ba ta fita sai tafiyar Inna ko wata lalura ta dare. Dala kuma ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa kusan 1,500, kuɗin motoci ya bi ta. Dillalai suka fara tare ni a masallaci suna taya ta da abin da ya kusa ninka kuɗin da na saya. Akwai watan da kuɗin makarantar yara ya matse ni har na ce wa uwargida ko mu sayar. Ta ce in an sayar da me za a ɗauko Inna. Na sayar da buhunan masara maimakon haka.

Ba zan ce ta fi ƙarfin kwarinmu ba. Ba tarakta ba ce. Ran da ruwa ya cika yana gudu, tsayawa nake a tudu in jira ya janye, ko da awa biyu ne. Amma taɓon da ya riƙe tsohuwar motata, wannan tana bi ta kansa a hankali in dai ban yi garaje ba. Mutanen gari ma sun san ranar zuwana. Sau uku na fito da mai naƙuda zuwa asibitin Tudun Wada, an kwantar da kujerun baya an shimfiɗa mata katifa.

A Agustan 2023 na je ɗauko Inna, an kwana ana ruwa. Uwargida ta biyo ni. Inna ta fito da sandarta, ta juya baya ta zauna a kujerar, ta jawo ƙafafunta ciki ba tare da an kama ta ba. Da muka doshi kwarin na sauka na taka da ƙafa na ga zurfinsa, na dawo na danna maɓallin da ke kulle ƙarfi a tayoyi huɗu, na shiga a hankali. Ta ɗan karkata, bayanta ya yi kamar zai zame, sannan ta kama ƙasa ta haye. Hannuna na rawa a kan sitiyari. Na duba madubi, na ga Inna tana kallon gefen hanya, daidai inda aka tsayar da amalanken a wancan karon.

Sai da muka hau kwalta ta yi magana, kuma ba da ni ba. Ta juya wurin uwargida ta ce, ki gaya wa maigidan naki, Allah ya yi masa albarka, ke ma Allah ya yi miki. Kafin mu kai Kwanar Dangora barci ya ɗauke ta.